Abayar da Aka Farke

A ɗakina na unguwar Misfala, a Makka, nake ɗinki a shekarun nan. Wata maƙwabciyata 'yar Nijar ce ta ba ni labarin wata maɗinkiya Bafaranshiya, marainiya, wadda ta raba matan ƙasarsu da matsattsun kaya, ta yi musu aljihu kamar na maza. Labarin ya tsaya mini a rai. Wata biyu ina ɓarnar yadi kafin na fitar da abaya mai ɓoyayyen aljihu a ƙarƙashin hammata, inda iƙama, wato katin izinin zama, da waya za su tsira ko a cunkoson ɗawafi.

Aminiyata, wadda muke ci a kwano ɗaya, ta ce, "Yaya, ara mini abayar in je Harami ranar Juma'a." Na ba ta.

Da ta dawo da ita, na juya cikinta. Zaren ba nawa ba ne. An farke ta kaf, an auna, an mayar. Kafin aikin Hajji, irinta sun cika shagon mijinta a kasuwar Ka'akiyya.

Har yau tana gaishe ni, ko kunya babu. Da roƙona ta yi, wallahi da hannuna zan yanka mata irinta.