Shekarar da Iya Ta Kalli Majigi Ta Baya

Ran nan jikokina sun taru a gaban talabijin suna gardamar shirin da ya fi daɗi a bana, sai ƙaramarsu ta juyo ta ce, "Hajiya, ke fa?" Na ce ku rufa mini asiri, ni na gama kallona tun ba a haifi iyayenku ba. Suka fashe da dariya, wai a zamaninmu me ake kallo in ban da farin wata. Yaro man kaza! To bari ku ji abin da ake kallo.

A Kiru na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda kowa a gidan ke ce wa Iya. Wannan tun kafin a ba mu mulkin kai ne, ina budurwa, ina tallar dafaffiyar gyaɗa. A lokacin akwai motar majigi da takan taso daga birni, ta biyo ta Bebeji ta kwana a garinmu, ta wuce Dangora da Tudun Wada, wani zubin har Riruwai wajen masu haƙar kuza. Da la'asar sankira zai zaga gari yana shela. Da an idar da sallah sai a kafa sanduna biyu a filin ƙofar gidan hakimi, a ɗaura farin zane, a tayar da inji, haske ya faɗa kan zanen, sai ga mutane suna tafiya a jikinsa. Wani mutum mai bakin tsiya yana gefe da lasifika, shi ke faɗa mana abin da suke cewa, rabi gaskiya rabi ƙari.

Wallahi ni majigi ta shiga raina. A shekarar da nake ba ku labari babu zuwan da motar nan ta yi ban je ba, ko da zazzaɓi nake. Maza da yara da mu 'yan talla muna zama a gaba, ta inda hasken ke fitowa. Tsofaffin mata kuwa bayan zanen suke shimfiɗa tabarmi, don hoton yana ratsawa ya fito ta baya tar, kuma babu namijin da zai ga fuskarsu. Iya ce shugabarsu, ita da goronta.

Shirin da na fi so da farko shi ne na kurkunu. Aka ɗebo ɗigon ruwan tafki aka ƙara masa girma har ya cika zanen, sai ga wasu halittu masu gashi suna iyo a ciki, kowanne ya kai ɗan akuya. Mai lasifika ya ce, "Duk wanda ya sha ruwan tafki yau, ga baƙinsa nan, ya gaishe su!" Wani dattijo a kusa da ni ya dafe ciki yana salati. Sai na wani mutum da ya ɓoye ɗansa a rumbu don kada masu lambar rigakafi su tsaga masa hannu, yaron ya yi atishawa, asiri ya tonu. Wannan na gan shi har na haddace, ina riga mai lasifika faɗar maganar, yana hararata. Akwai na jirgin ƙasa da ya kwashi gyaɗa har bakin teku, ranar na fara ganin ruwan da ba shi da ƙetare. Akwai kuma na alhazai suna hawa jirgin sama, wanda ya sa Iya kuka, ta ce ko ita ma tana da rabo.

Abu ɗaya ne Iya ba ta daina ƙorafi a kansa ba. Duk ranar da muka dawo sai ta ce, "Kallo da daɗi, amma mutanen cikin zanen nan ba su da tarbiyya. Kowa bahago! Su sha ruwa da hagu, su gaisa da hagu, ko uwayensu ba sa yi musu faɗa?" Ni kuwa ban taɓa ganin haka ba. Na ɗauka idon tsufa ne, na bar ta da abinta.

To a shekarar akwai wani saurayi ɗan Badafi da ke zuwa zance wurina ranar kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ne kakanku. Manomi ne, dogo, mai kunya kamar sabuwar amarya, sai ya zauna tun la'asar har magariba bai haɗa magana uku ba, yana ta zane a ƙasa da tsinke. Ni kuwa surutu ya yi mini yawa, saboda haka muka dace. Ina son sa, ba na ɓoyewa. Magabatansa sun zo gaisuwa, an karɓi goro, Baba ya amince, saura sa rana bayan kaka. Amma a gidanmu Baba ba ya tsallake maganar Iya ko da kan gishirin miya ne, balle aure.

Da daminar da ta gabata malaman gona sun je Badafi da na'urar ɗaukar hoto, suna neman mai iya noma da shanu. Shi kuwa ya koyi sarrafa shanu wajen Fulanin da ke maƙwabtaka da gonarsu, sai aka ɗauke shi. Ya gaya mini sau ɗaya, a taƙaice, na ma manta.

Rannan muna zaune a filin, an gama na kurkunu, sai ga gona a jikin zane, ga bijimai biyu, ga mutumina riƙe da garma yana binsu. Na ce, "La ilaha illallahu!" Mai lasifika, wanda ashe an tsegunta masa, ya ce, "Ga saurayi, ga shanu, ga garma, saura amarya!" Duk filin ya juyo kaina. Na kifa faifai a fuska, amma ina leƙe ta gefe. Aka nuna dagacinsu, tsoho mai farin gemu, yana miƙa masa sabuwar fartanya, ya durƙusa ya karɓa. Aka nuna an ajiye akushin tuwo a gindin bishiya, shi da dattawa suna ci. Ranar gyaɗata kyauta na rabar, na tafi gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Da safe Iya ta aika a kira Baba. Ina tsakar gida ina shara na ji ta ce, "A mayar wa mutanen Badafi da kayansu."

Baba ya ce, "Lafiya, Iya?"

"Ina fa lafiya! Da idona na gan shi. Dattijo sa'an kakansa ya miƙa masa abu, ya sa hannun hagu ya karɓa. Bai tsaya nan ba, ya tsoma hagun nan a akushin manya. A gaban duniya! Na Turawa da 'yan birni na yi shiru, ba 'ya'yana ba ne. Wannan kuwa ba zai shigo mini zuri'a ba."

Na yar da tsintsiya na ce, "Iya, wallahi da dama ya karɓa!"

Ta ce, "Rufe mini baki, mara kunya. So ya makantar da ke."

Kafin azahar magana ta cika gari. Duk wanda ya zauna a gaba ya rantse dama ce, duk tsohuwar da ta zauna a baya ta rantse hagu ce. A nan ne kaina ya kawo haske: ashe in ka kalli zanen ta baya, komai juyawa yake yi, dama ta koma hagu, kamar mai duba madubi. Shekara guda Iya tana zagin bayin Allah a banza. Na ɗauko mayafina na shanya a ƙofar ɗaki, na kunna fitila, na ɗaga hannu don ta ga inuwar ta nan ta kuma zagaya ta gani ta can. Ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Ni za ki koya wa hagu da dama? Na san su tun ubanki bai san hanyar bakinsa ba."

Na yi kuka har na gode wa Allah. Na daina talla, na daina cin abincin kirki. Shi kuma can a Badafi abin ya fi nawa muni. Ya aiko ƙanwarsa ta ce mini yana rantsuwa da dama ya karɓa, amma tunda Iya ta ce hagu ce, shi wane ne da zai ƙaryata ta, har ma ya fara tunanin ko ruɗewa ya yi a gaban na'urar. Kun ji mutum! Na ce ta koma ta gaya masa in ya sake ya amsa laifin da bai yi ba, ni da kaina zan je Badafi in fasa masa kai.

Baba, da ya rasa yadda zai yi, ya tafi wajen malamin unguwarmu, wanda ya koya mana karatu duka. Malam bai taɓa zuwa majigi ba, amma ya saurara, ya yi murmushi ya ce, "Na gaba ba su yi ƙarya ba, na baya ma ba su yi ba. Uwa kuwa ba a kayar da ita a gardama. Ka kai ta ta gani da kanta."

Muka ji motar za ta biyo ta Dangora a hanyarta ta dawowa. Iya tana da ƙanwa a can, sai Baba ya ce ai an kwana biyu ba a gaisa ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Zumunci zan je, ba kallo ba." Aka ɗora ta a jaki, Baba yana gaba, ni ina biye da ƙunshin kayanta. Ko ta je, yaya za a yi ta zauna a gaba cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba?

Ashe na raina Iya. Da aka tayar da inji ta karɓi tabarmarta daga hannuna, ta ratsa tsakiyar maza, ta shimfiɗa ta a gaban kowa. Wani ya ce, "Baba tsohuwa, wurin mata yana baya." Ta ce, "Matsa, duk na haife ku." Suka matsa.

Aka fara da na kurkunu. Mutumin ciki ya ɗauki ƙwarya da dama ya sha. Na saci kallon Iya, ta daina tauna goro. Aka yi na rumbu, mai lamba ya gaisa da mai gida da dama. Sai ga gona, ga bijimai, ga dagaci da fartanya. Mutumina ya durƙusa, ya miƙa hannun dama, ya karɓa. Ya zauna gaban akushi, ya sa dama.

Iya ta tafa hannu ta ce da ƙarfi, har mai lasifika ya yi shiru, "Yawwa, ɗan halak! Ya ji faɗa ya gyara!"

Filin ya kwashe da dariya, ita ko a jikinta. Ta ce ai ba shi kaɗai ba, duk sauran ma sun shiryu, dama rashin mai faɗa musu ne. Sannan ta ce a kira mata yaron, don ta san yana nan. Yana nan kuwa, tun daga Badafi ya tako a ƙafa, ya raɓe a bayan motar. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya cire takalmi, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Kai, ka gyara ko?"

Mutumin nan ba ya ƙarya ko da wasa, kuma ni ce na aika masa kada ya amsa laifin da bai yi ba. In ya ce dama can da dama ya karɓa, ya kunyata ta a gaban mazan wani gari, kuma na san Iya, ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta sauko ba. Ya ɗago ya dubi tsohuwar nan da ta hau jaki ta ratsa maza saboda shi, sai ya sake sunkuyawa.

Ya ce, "Na gyara, Iya. Allah ya ƙara girma."

Ta ciro goro daga bakin zanenta ta miƙa masa, ta juya wajen Baba ta ce, "To, a sa rana."

Da aka gama girbin dawa aka kai ni Badafi. Iya ta rayu har ta goya 'ya'yana biyu, kuma duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda ta shiryar da surukinta daga nesa, shi yana zaune yana gyaɗa kai. Bayan rasuwarta na ce masa, yanzu kam ai sai ka faɗa wa yara gaskiyar magana. Ya ce, "Bar mata abinta." Har Allah ya karɓi ransa ban taɓa jin ya gaya wa kowa cewa shi ne mai gaskiya ba.