Tarihin Zakhari Fanus, Mai Amshin Sahun Kudu

Haihuwarsa

An haifi Zakhari a shekarar 1902 a garin Naƙada. Mahaifinsa Fanus masaƙi ne, sunan mahaifiyarsa Damyana. Shekara biyu kacal ya yi a makarantar majami'a, sai dai duk waƙar da ta shiga kunnensa ba ta fita. Ya gaji saƙa, ya auri Marta 'yar Bisada a shekarar 1925.

Ziyarar Gidan Ruhubanawa

A azumin 1931 ya hau jaki zuwa tsohon gidan ruhubanawa na bayan dutse domin sauraron yabo. Bisa al'ada, sahu biyu ake yi: na arewa su rera baiti, na kudu su amsa. Amma annobar 1918 ta ƙarar da sahun kudu, saboda haka tsofaffi huɗun da suka rage sukan rera nasu, su yi shiru daidai tsawon amshin, suna kasa kunne ga muryoyin matattun sahun kudu. Zakhari ya zaci mantuwa ce, sai ya matsa kudu ya amsa.

Shugabansu makaho, Abuna Sarabamun, wato Uba Sarabamun, ya waiwayo ya ce, "Wane mai ƙaton baki ne ya katse su?"

"Abuna, ai ba kowa a nan."

"Yanzu kam babu, ɗana, ka kore su. Sai ka tsaya a gurbinsu."

Shekarun Amshi

Daga ranar tsofaffin ba su ƙara jin komai cikin shirun ba, alhali a wurinsu yabon da ba a amsa ba bai cika ba. Don haka Zakhari ya shafe shekara talatin da takwas yana tafiyar rabin yini kowace Lahadi domin ya amsa. Marta takan ce wa maƙwabta, "Mazan wasu giya ta ɗauke, nawa kuwa matattu ne suka ɗauke shi aiki."

Rasuwarsa

A shekarar 1969 muryarsa ta dushe. Ya roƙi 'ya'yansa su karɓi amshin, suka ƙi. Ya rasu a watan Fabrairun 1970, aka binne shi jikin bangon kudu na gidan ruhubanawan, ko da yake ba ruhubani ba ne. Wajen jana'izar aka rera baitin farko, aka yi shiru, jama'a ba su ji komai ba. Can sai wani tsohon ruhubani ya gyaɗa kai ya ce, "Har yanzu Zakhari yana saurin shigowa da amshi."

Ya bar 'ya'ya uku: Wisa masaƙi, Tekla ungozoma, da Abadir direban jirgin ƙasa. Babu wanda aka taɓa ji yana waƙa a cikinsu.