Lamba ta Biyu da Na Goge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi, ina ɗakin gwaji a jami'a, ƙanen malamina ya kira ni daga Haɗeja ya ce Malam Bukar ya cika, bayan doguwar jinyar ƙoda. Ban isa garin ba sai da aka dawo daga maƙabarta, domin ruwa ya cinye hanya wajen Kafin Hausa.

Shekara huɗu yana duba aikina na digirin digirgir. Fanninmu shi ne abin da ke faruwa idan ƙwayar zarra ta yuraniyam, sinadarin makamashin nukiliya, ta tsage. Cikin gutsattsarin da ke fita, wasu kan fito a huce, wasu kuma irinsu sak su fito riƙe da ƙarin ƙarfi, sai an jima su sake shi. Aikinmu mu gano nawa ne a riƙe, nawa a huce. Da mahaifina ya zo daga Jahun yana tambayar wane karatu ne wannan da ba ya ƙarewa, Malam ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tuwo ne daga tukunya ɗaya, wani a rufe, wani a buɗe. Mu malmalar da ba ta huce ba muke ƙirgawa."

Duk kaka sai ya kawo mana shinkafa daga gonarsa ta bakin kogi, amma a kan aiki ba shi da sassauci ko kaɗan. Kowane awo sai ya kwafe shi da hannu a littafinsa, ko da yana cikin kwamfuta. Mukan yi masa tsiya a bayan ido, wai bai yarda da lantarki ba.

A shekara ta uku, awo biyu suka ƙi dacewa da sauran. Na gaji, ina so in gama, sai na goge su. Da ya kira ni ofis, ɗaya ya nuna mini. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sa'adatu, lambar da ba kya so, ita ma na'ura ce ta ba ki. Wa ya ce ki kore ta?" Sannan ya ce, "Akwai wata?"

Na dube shi ido da ido na ce babu.

Shekara guda ina ɗauke da wannan ƙarya. Kullum sai in ce bari ya samu sauƙi tukuna, alhali ba tausayi ne ya hana ni ba, kunya ce da tsoro.

Ranar sadakar uku, maiɗakinsa Hajiya Falmata ta ja ni ɗaki ta miƙo mini littafin. Ta ce, "'Yata, ya ce naki ne, kada a ba kowa." Na buɗe shafin awon nan. Ga lamba ta biyu, ya kewaye ta da jan biro, a gefe ya rubuta: "Za ta faɗa mini da kanta." Kwanan watan da ke ƙasa na ranar da ya tambaye ni ne.

Ashe ya sani. Shekara guda yana jira, yana amsa gaisuwata da fara'a, ni kuwa na bar shi ya tafi bai ji ba. Wannan shi ke cin raina fiye da komai.

To Malam, ga shi na faɗa a gaban jama'a, tunda na makara. Na mayar da lambar wurinta, ko da yake ta rushe mini babi guda, sai na sake awo daga farko.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya haskaka kabarinsa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya ba Hajiya Falmata haƙuri, ya albarkaci 'ya'yan da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini amsar da na hana shi. Amin.