'Yar Marar Zuciya

Ranar Litinin ta farko bayan hutun babbar Sallah, ina aji huɗu a firamare a Fulatan, na fasa wa wani Sale baki a gindin darbejiya. Muna tsaka da 'yar gala-gala ya zo ya tsaya mana a kai, ya nuna ni ya ce, "Ga 'yar marar zuciya." Na sha bulala shida a kan haka, kuma har yau ban yi nadama ba.

Babana aka yi wa aiki a birni. Jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ne suka toshe, likitoci suka yanko wata daga ƙafarsa suka yi wa jinin ratse. Amma labari ya riga shi isowa gida: wai an tsaga ƙirjin Malam Hadi, an cire zuciyar an sa ta roba. A garinmu kuwa in aka ce mutum ba shi da zuciya an gama zaginsa, rago ke nan mai jira a ci da shi. 'Yan dubiya suna "Allah ya ƙara sauƙi" idonsu na kan wuyan rigarsa. Wansa, Baffa Ilu, har ya fara cewa gonar gyaɗarmu ta fi ƙarfin Baba, gara a bar wa 'ya'yansa, tunda mu duk mata ne. Maganar nan ta ƙona min rai.

Likita ya ce ya riƙa tattaki, don haka kullum da safe, in na gama shara na ba awaki dusa, sai in raka shi. Da farko iyakarmu bakin rijiya. Ya tsaya yana haki, ni kuma in duƙa kamar ina cire ƙaya don kada masu wucewa su gane. A hankali muka kai masussuka, daga nan sai gona. Ranar da ruwan shuka ya sauka Baffa ya iso da 'ya'yansa da irinsu, ya tarar Baba na sara da sungumi, ni da ƙannena muna binsa a baya, muna zuba iri muna rufewa da diddige. "Yaya, sannu da zuwa," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "In taimako ne, ku kama daga gabas."

Yanzu in za a yi wa mutum aikin zuciyar nan a garinmu addu'a ake masa, ba a auna gonarsa da ido. Baba ya ƙara damina goma sha shida kafin ya rasu. Gonar tana hannunmu, sai dai in na je shuka ba wanda nake bi a baya.