Katantanwa a Gindin Tuwaiƙ

Ran Juma'a da hantsi, Tamimu direba yana zaune a inuwar mota a gindin tsaunin Tuwaiƙ, cikin hamadar Saudiyya, yana jiran masu yawon hawan dutse da ya kawo daga Riyad. Can ga wani dattijo ɗan dako, jarkokin ruwa biyu a kafaɗa, silifas ɗaure da waya. Iyayen gidansa suna ta ɗaukar hoton kwazazzabai, shi kuwa ƙasa yake kallo. Yana tafiya ƙafafu a ware, kamar wanda ya girma a kan ruwa. Ƙila masunci ne.

Sai ya durƙusa, ya tsinci wata katantanwa da ta zama dutse, ya tofa mata yawu, ya goge.

"Baba, lafiya?" in ji Tamimu.

"Wai nan duk teku ne a da, ɗana," ya ce, bai ɗago ba. "Daga Baga nake. Shekara tara ina hana yarana sayar da kwale-kwalena, ina cewa tafkin Cadi zai dawo."

Ya kara katantanwar a kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya mayar da ita inda ya ɗauka.

"Yau zan ce su sayar."