Ƙafar Kawu a Hanyar Argungu

Birnin Kebbi

Mun bar gida ƙarfe biyar da rabi, ana fitowa daga sallar asuba. Inna ta aike ni Argungu in kai wa Gwaggo ƙullin daddawa, ta ce in bi tirelar ƙanenta, Kawu Bala, wadda za ta kai gishiri ta ɗauko albasa. Amma na san ba daddawa ce ta dame ta ba. Yayana Umaru ya shekara uku yana karen mota a wurin Kawu, kuma ranar ne zai ja motar da kaya a karon farko. In ya yi kyau, Kawu zai kai shi Sakkwato gwajin lasin. In bai yi ba, Baba ya ce ya dawo fadama, ga dashen albasa ya zo.

A bakin ƙofa Inna ta raɗa mini, "Hadiza, ke ba ki magana, amma kina gani. Ki gano min."

An sa ni a tsakiya. Yaya ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Ƙarfe shida saura kwata muka hau titi. Kawu goro kawai yake ci. Ni kuwa da yake ba na iya kallon fuskar manya, ƙasa nake duba. Nan na ga abin mamaki. Duk lokacin da muka doshi kwana ko jaki, sai ƙafar Kawu ta dama ta danna ƙasan mota da ƙarfi, alhali babu birki a gefensa. Kafin mu fita gari ya taka sau bakwai.

Shingen 'yan sanda

Ƙarfe shida da minti goma aka tsayar da mu. Motar na tsayawa, Yaya ya buɗe ƙofa zai dira ya sa katako a bayan taya, kamar yadda ya saba. Kawu ya miƙa hannu ta gabana ya cafko rigarsa.

"Ina za ka? Wa ka bar ma sitiyari? Hadiza?"

Ɗan sandan ya yi ta dariya. Ya duba takardar koyo, ya ce, "Direba sabon yanka, Allah shi kiyaye hanya." Yaya ya ja ƙofa ya rufe, ya gyara zama. Kawu da kansa ya sauka ya zaga ya duba tayoyi.

Ambursa

Mun iso bakwai saura kwata, muka tsaya karyawa. Na sha koko da ƙosai na kwabo ashirin. Yaya ya riƙe kofin shayi har ya huce bai kurɓa ba.

Da muka tashi, bayan gari kaɗan, muka tarar an shanya shinkafa a gefen kwalta, doguwar shanya, wata tsohuwa na zaune da sanda tana korar awaki. Ga kuma motar itace ta taho daga gaba. Hanyar ba za ta ɗauki mu biyu ba sai wani ya hau shanyar. Wata ƙaramar mota a bayanmu ta dame mu da oda. Ƙafar Kawu ta ɗaga. Kafin ta sauka na ji Yaya ya rage giya, ya sake ragewa, motar ta yi nishi ta tsaya cak, saura taku kaɗan tayarmu ta taɓa shinkafar. Mai itace ya wuce. Mai ƙaramar mota ya zagaye mu yana zagi.

"Mi ya sa ka tsaya?" in ji Kawu. "Da ka ɗan hau gefe ai ka wuce."

Yaya ya ce, "Kawu, tayar gaba za ta wuce. Ta baya ce za ta niƙe mata shinkafa."

Kawu ya tofar da goro ta taga. Tsohuwar ta ɗaga mana sanda. Na duba ƙasa, ƙafar tana nan a sama, sai a hankali ya ajiye ta.

Argungu

Mun shiga ƙarfe takwas da kwata, tafiyar mil talatin da 'yan kai. Na kai wa Gwaggo saƙo, ta ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ƙulla wa Inna bandar tarwaɗa. Da na koma wajen lodi bayan azahar, na tarar Yaya na shigar da motar da baya tsakanin tarin buhuna biyu, idonsa a madubi, 'yan dako na ihu, "Taho! Taho! Ya isa!" Sau ɗaya ya shige. Kawu na can gindin itacen bedi, ya juya baya wai yana cinikin rake.

Komawa

Mun taso ƙarfe huɗu, warin albasa ya cika mota. Har muka wuce Ambursa ban ga ƙafar Kawu ta taka birkin nan nata ba ko sau ɗaya. Da na saci kallo, Kawu ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafafu a kan kujera, hula ta rufe masa ido.

Mun iso Birnin Kebbi shida da kwata lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Kawu ya karɓi makullinsa ya tafi masallaci. Yaya ya shigo gida jiki a sanyaye.

Inna ta ja ni ɗaki. "To, mi Bala ya ce?"

Na ce, "Bai ce komai ba, Inna. Amma ya cire takalmi, ya yi barci tun daga Ambursa."

Ta dube ni, ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya. "Umaru! Kawo babbar rigarka in wanke. Sakkwato za ka."