Rigar Babur ɗin Malam Bitrus

Cikin duk baburan da suka bi ta hannuna a garejin En'e na Funtua, na Malam Bitrus ne ba na mantawa. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni bakanike ne, shi kuma malamin gona mai zagaya ƙauyukan Bakori yana koyar da shukar auduga.

Sabon babur aka ba shi, amma da zarar ya yi nisa sai injin ya ɗau zafi ya mutu. Ku yaran yanzu ku sani, baburan lokacin ba sa shan ruwa kamar mota. Iska ce ke ratsa haƙarƙarin injin ta sanyaya shi, baƙin mai ya taya ta daga ciki. Na duba man, ya tsinke kamar ruwa, na juye sabo. Na wanke fulogi, na hau na je Bakori na dawo lafiya lau. Ya karɓa, washegari sai ga shi yana turo shi.

Babban malamin gona ya gaji. Ya ce in aka kuma, a karɓe babur, Bitrus ya koma kan kekensa. Na tausaya masa ƙwarai, ga damina ta kankama, ga ƙauyuka da nisa.

Sai na yi sammako zuwa gidansu don mu tafi ƙauyukan tare in ga matsalar da idona. Ina shiga na tarar da mahaifiyarsa a durƙushe tana ɗaura wa injin wata rigar saƙi mai cushen auduga, har da surfani.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Ɗan nan, dokin gwamnati ne fa. A bar shi tsirara cikin taɓo? Ko rediyo ai ana rufe shi."

Bitrus ya sunkuyar da kai. Ashe kafin ya shigo gareji yake kwance rigar, don kada mu yi masa dariya. Dariyar kuwa na yi masa ita, har da hawaye.

Na ce, "Inna, wannan doki ta haƙarƙari yake numfashi. Bargo kika lulluɓa masa a tsakar rana."

Ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe ni ke dafa shi?"

Ba mu yar da rigar ba, a kan sirdi muka ɗaura ta. Babur bai ƙara mutuwa ba, Bitrus kuma bai koma keke ba.

Tun daga nan, in gyara ya gagare ni a gareji, sai in je gaida mutan gidan mai abin. Sau da yawa wanda ya fi son abu, a hannunsa ciwon yake.